Na Sayar da Shanu Saboda Kalar Leshi

Ran nan a wurin sunan jikata, wani matashi cikin masu ɗaukar biki da waya ya gama aikinsa ya zo ya tsuguna kusa da ni. Tun da aka fara taron nake kallonsa: waya a hannun dama, cincin a hannun hagu, yana ɗauka yana tauna. Ya ce, "Baba Hadi, ku dai kun ci banza. A zamaninku kai kaɗai ne mai kyamara daga Gumel har Maigatari. Mu kuwa yau a so ka, gobe a gaji da kai, jibi a fito da sabuwar waya."

Na dube shi. Wai yau aka fara gajiya da mutum! Ni da kaset ya mutu a hannuna, faifai ya zo shi ma ya mutu a hannuna, ni za a ba labarin sabon yayi? Tunda kun ɗauka aikin nan danna maɓalli ne kawai, ku gyara zama.

Oga Bulus ne ya koya mini aiki. Mutumin Filato ne, ma'aikacin gwamnati da aka turo Gumel bayan an ba mu jiha, yana ɗaukar biki a ranakun da ba ofis. Kyamararsa irin mai cin babban kaset ce, ka saɓa ta a kafaɗa kamar ka ɗauko ɗan akuya daga kasuwa. Ga batir ɗaure a ƙugu, ga fitila mai zafin da yake narkar da kwalliyar amarya, ga janareto a waje da doguwar wayar da yara ba su da aiki sai tuntuɓe da ita. Na daɗe ban taɓa kyamarar ba. Aikina riƙe fitila, naɗe waya, da goge kan bidiyo da sifirit da farin ƙyalle. Ranar da na bar kaset a rana ko kusa da lasifika kuwa, sai na gwammace ban zo aiki ba. Yakan ce, "Hadi, hannu ba ya rawa, ƙafa ba ta gudu. In za ka juya, ka juya kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono." Abin da ya sa kyamara ta shigo hannuna ma ba ƙwazona ba ne, Lahadi ce. Oga yana coci ran Lahadi, mu kuwa rabin bukukuwanmu ranar ake yi.

Aikina na farko ni kaɗai a Gagarawa ne, ɗaurin auren ɗan wani mai sayen hatsi. Ina ɗaga kyamara kowa ya ƙame, hannu a ƙirji, ido a zare, kamar masu jiran hoton fasfo. Ina cewa, "Jama'a ku motsa, ku yi magana, wannan mai motsi ce," ba wanda ya ko ƙifta. Wani dattijo ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya gai da kyamarar, ya tambaye ta gida da iyali. Da na kawo kaset ɗin aka sa a zaure, unguwa ta tashi kaf. Mutum ya ga kansa yana tafiya sai ya riƙe baki, na kusa da shi ya ɗaka masa duka a baya, a yi ta shewa. An kalli kaset ɗin nan har hoto ya fara layi-layi. Shekarun farko kam ban musa ba, kasuwa ta yi kyau. Har Oga ya sayar mini da kyamarar, ya koma gyaran talabijin da bidiyo a wani ɗan shago kusa da tasha, ni kuma na buɗe nawa.

Wani biki a Sule Tankarkar ne ya fara nuna mini cewa daɗin ya ƙare. Na kunna fitila, maimakon fuska sai na ga ƙeya. Masu cin abinci suka ja farantansu suka fuskanci bango. Uban ango ya kira ni gefe ya ce, "Malam Hadi, don Allah ka rage mana wutar nan. Mun gaji da ganin kanmu muna tauna shinkafa. Kaset ɗin wane, da na wane, da nawa, duk abu ɗaya ne: a ci, a yi liƙi, a shiga mota." Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi shi ne gaskiya mutumin ya faɗa.

Sai na shiga abin da ku ma kuke yi yanzu kuna tsammanin ku kuka ƙirƙiro shi, wato neman sabon salo. Na sayi ƙaramar na'urar rubutu, sunan ango da amarya ya riƙa gudu a ƙasan hoto. Aka dawo ana layi. Da aka saba, na kawo furanni masu zagaye fuska. Sai fuskar amarya a cikin zuciya. Sai amarya ta rabu gida huɗu ta sake haɗewa, har wata tsohuwa ta aiko a ce mini in daina yanka musu yarinya. Kowane salo kakar biki ɗaya yake yi, ta biyu sai a ce, "Ba wani sabo?" Na'ura ba ta gama fanshe kanta ba an gaji da ita. Ana cikin haka alhazai suka fara dawowa da ƙananan kyamarori a jaka, kowane gida aka sami ɗan da wai ya iya, yana ɗaukar rufin ɗaki da ƙafafun mutane, kyauta.

Daga nan kuma muguwar shekarar ta zo. Fetur ya yi wuya, sai ka yi yawo da galan gari guda kafin ka sami abin tayar da janareto. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Aure ya ragu, waɗanda suka daure suka yi kuwa, mai bidiyo suka fara sokewa. Abin da ya riƙe gidana shekarar ba kyamara ba ce, shanuna ne na huɗa guda biyu da na raina tun suna maruƙa. Da damina in huɗe gonata in huɗe wa wasu, da rani su ja amalanke. Shago kuwa ya zama wurin hira. Na sani sarai in ban sami wata sabuwar ƙofa ba, rufe shi zan yi.

Ƙofar da ta rage ita ce Hajiya Tasalla ta Maigatari. Dillaliyar zannuwa ce, kuma duk ankon da za a yi a yankin nan ta hannunta yake bi. Mai kiɗan da ta ce a kira shi ake kira, mai hoton da ta yatsine wa fuska kuwa ya koma gona. Za ta aurar da 'yarta Rabi ga ɗan wani falken shanu a ƙetaren iyaka, can ta wajen Dungas a ƙasar Damagaram. Uwar angon, Hajiya Mariyama, ita ma ba baya ba ce wajen sutura, kuma tsakanin matan nan biyu akwai irin gasar da ake yi da murmushi. Yawancin dangin ango mata ba za su samu zuwa ba, don haka kaset zai bi amarya can, a tara su a nuna musu abin da Maigatari ta iya.

Da ta kira ni ta ce, "Malam Hadi, ba na son furanninka, ba na son zuciyarka. Leshin nan da ka gani, ruwan hoda da zaren gwal, babu wadda ta taɓa ɗaura irinsa daga nan har Kano. Iyaye za su sa ruwan goro, ƙawaye su sa kore. Kala nake so ta fito. In ta fito, bikin ƙetare duk naka ne. In ba ta fito ba, kai ma ka san sauran."

Na ce, "Ranki ya daɗe, za ta fito."

Gidan ba a barin namiji ya wuce zaure, don haka cikin gida matata Asabe ce ta ɗauka. Na riga na koya mata saboda irin waɗannan gidaje, kuma hannunta ya fi nawa tsayuwa, ko da yake ban taɓa gaya mata ba. Ni na ɗauki ɗaurin aure da maza da motoci, ita ta ɗauki kamu da wuni da kayan ɗaki. Na sayi sabon kaset dal, ba wanda aka goge ba. Na haɗa bidiyo biyu na tace aikin a hankali, na kalla da kaina, ruwan hodar nan kamar ka taɓa. Aka tafi da amarya, kaset na cikin akwatinta.

Ran wata Alhamis, kasuwar Maigatari na ci, aka ce Hajiya na nemana a rumfarta. Na tafi da fara'ata, ina lissafin ayyukan ƙetare. Na tarar da rumfa cike da mata masu ɗaukar kaya. Ko amsa sallamata ba ta gama ba.

"Kai ne mai kyamara?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kyamara ko tukunyar shuni? Ka san saƙon da Mariyama ta aiko mini? Wai sun ga biki, an gode, Allah ya sa alheri. Amma wai ashe toka-toka muka yi anko gaba ɗaya, ko rasuwa aka yi mana ba mu faɗa ba?" Matan rumfa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. "Baƙi da fari, Malam Hadi! Leshina! A gaban dangin miji! Yarinya tana can ta kasa ɗaga ido."

Na rantse mata da idona na ga kala. Ta ce idona ba shi aka kai Damagaram ba. Ta yi mini tatas, ta ƙare da cewa daga yau duk wadda ta kira ni biki ta nemi anko a wani wuri. Na fito daga rumfar nan ban san ta inda na bi na isa tasha ba.

Ina isa Gumel na sa kwafin da na ajiye. Kala rangaɗau. Na ɗauke shi sai shagon Oga Bulus. Ya saurare ni yana riƙe da ƙarfen narka dalma, sai ya ajiye shi ya fashe da dariya, abin da ya ƙara ƙona mini rai.

"Hadi, talabijin ɗinsu a ina suka saya?"

"Ina zan sani, Oga?"

"In a Damagaram suka saya, na tsarin Faransa ne, don shi ke kama tashar ƙasarsu da kala. Namu na tsarin Ingila ne. Ka sa kaset ɗinmu a nasu, hoto zai fito, kala ba za ta fito ba. Turawan nan biyu ko a cikin akwatin talabijin ba su shirya ba."

Ku duba wannan abu don Allah. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya. Saniya ta ƙetara iyakar nan da kalarta, amarya ta ƙetara da kalarta, amma kaset ya ƙetara ya koma toka. Na ce to mene ne magani? Ya ce ko dai su sayi irin namu, ko in ɗauki nawa in kai musu.

Na koma wurin Hajiya na yi bayani. Ta ce ita ba ta san Faransa ba, ba ta san Ingila ba, leshi ta sani. Amma ta yarda za ta bi ni, don a gabanta aka ci mata fuska, a gabanta take so a wanke ta. Muka ɗauki shatar a-kori-kura, ita a gaba, ni da Asabe a baya. Janareto a ƙafata, bidiyo a cinyar Asabe, akwatin talabijin naɗe da bargo na rungume shi. A bakin iyaka 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, suka ce wannan kayan sayarwa ne. Na ce kayan aiki ne. Babbansu ya kira ni Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce, "Mushe, in na aiki ne, yi aikin mu gani." Haka na sauke komai a gindin bishiya da tsakar rana, na tayar da janareto, na nuna wa ma'aikata bikin Rabi. Sai da suka ga rawar ƙawaye har ƙarshe sannan suka ce mu wuce. Bayan nan yashi ya riƙe mota, muka sauka turi, ban da Hajiya, wadda ta leƙo ta taga tana ce mana mu yi a hankali da talabijin.

Bayan la'asar aka tara mata a babban ɗakin Hajiya Mariyama, aka saki labule. Saboda aikin, aka bar ni na zauna a bakin ƙofa kusa da waya. Na roƙa a fara sa kaset ɗin a nasu. Hajiya Mariyama ta ce a tayar da gurup, haka suke kiran janareto, aka kunna telenta, wato talabijin. Ga su Hajiya Tasalla nan a hoto kamar an baɗe su da toka. Na cire kaset ɗin a gabansu, na ɗaga kowa ya gani shi ne dai, na sa a nawa. Ruwan hodar nan na bayyana wata ta rangaɗa guɗa, ɗaki ya ɗauka. Rabi da ke can ƙurya cikin lulluɓi ta ɗago kai. Hajiya Tasalla kuwa gyara ɗaurin ɗankwalinta kawai ta yi.

A ɗakin nan na koyi abin da shekaru ina ɗaukar biki ban koya ba. Da aka zo wajen ɗaurin aure, inda na sha wahala na hau kan mota don in ɗauko taron maza, sai suka ce, "Mushe, wuce, wuce." Da aka zo aikin Asabe kuwa, sai "Tsaya! Mai da baya!" Suna so su ga bakin zane, su ga takalmi, su ga sarƙar wuyan wance ko ta aro ce. Suna ƙirga kwalla da tangaran a jere, suna tambayar wacce ce waccan mai ruwan goro, 'yar wa ce, tana da aure? Wuri ɗaya sai a mai da shi baya har in ji tsoron kaset zai tsinke. A hanyar dawowa na ce wa Asabe ashe abin da ake so ke nan. Ta ce, "Da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Ku maza bakin mutane kuke ɗauka yana tauna." Shekara da shekaru ina sayen furanni da zuciya, ashe maganin yana gidana yana tuƙa tuwo.

Kafin mu taso Hajiya Mariyama ta ce, "Mushe, aikinka ya yi. Daga yau bikinmu naka ne. Amma ba kullum za mu zauna jiran telenka ba. Ka yi mana wanda zai fito a tamu."

Muka sauya aiki gaba ɗaya. Na rage fitila, na daina bin masu cin abinci. Asabe ta riƙa bin mata ɗaya bayan ɗaya, daga ɗankwali zuwa takalmi, a hankali, kowacce ta faɗi sunanta da inda ta fito. Jere kuwa sai an nuna kowane kwano. Ni kuma in zaunar da tsofaffin gida su yi wa ango da amarya addu'a da bakinsu. Mutanen da suka juya mini ƙeya suka dawo, don yanzu kowane kaset na gidansu ne, bai yi kama da na maƙwabci ba. Hajiya Tasalla ta janye maganarta, ta shiga yabona, kira ya riƙa zuwa daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, daga ƙetare. Sai dai duk aikin ƙetare tafiya biyu ce: in je in ɗauka, in sake komawa rungume da talabijin in nuna, in dawo da shi, su kuma in bar su da kaset mai toka. Ribar tana tafiya a shatar mota, bayana ya fara ciwo, kwalin talabijin ya tsage a gefe. Matan can kuma suka fara gunaguni, wai sun biya kuɗin kala suna kallon toka.

Oga Bulus ya ce akwai wata na'ura a Kano, ka sa kaset ɗinmu ta juya shi zuwa tsarin Faransa da kalarsa. Na je na gani da idona, na ji kuɗinta, na dawo gida. Babu abin da na mallaka da zai saye ta sai shanun nan.

Asabe ta ce, "Malam, shanun da suka ciyar da mu shekarar da kyamara ta kasa?"

Na ce, "Kakar biki ɗaya za ta dawo da su. Duk ƙetare babu mai irinta. In ban saya ba wani zai saya, ya kwashe su Hajiya Mariyama."

"Damina fa?"

"A yi hayar huɗa shekara ɗaya, ba a mutuwa."

Ta ce, "To, Allah ya sa." Irin "Allah ya sa" ɗin da ba a amsa masa da amin da ƙarfi.

Na kora shanun da ƙafa zuwa kara, kasuwar dabbobin Maigatari, da rani. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce na ji ba. Wani falke ya taya, dillali ya sa hannu, aka sallama. Na so a ce manomi ne ya saya, amma a tirelar Kudu aka loda su. Ɗayan, mai farin goshi, ya ƙi hawa sai da aka murɗa masa wutsiya. Ban tsaya na ga tashin motar ba.

Na'ura ta zo a kwalinta, da ƙamshin sabon abu. Ni da Oga muka haɗa wayoyi, muka juya kaset ɗaya na gwaji, na ba wani direba ya kai ƙetare. Ya dawo ya ce kala ta fito a telen Hajiya Mariyama har ana guɗa. Na ɗinka wa na'urar riga da yadi saboda ƙura. Na yi aiki biyu da ita, masu kyau. Lokacin Hajiya Tasalla tana Makka, na ƙagu ta dawo ta ga abin da na yi.

Da ta sauka na je barka da zuwa, na tafi mata da tsaraba tawa: bikin Rabi, an juya shi tsarin Faransa, a sabon kaset, don ta aika wa surukarta. Aka ba ni dabino da zamzam. Na miƙa kaset ɗin da hannu biyu ina bayani. Ta karɓa ta juya shi gaba da baya, ta ajiye a gefen tabarma. Sai ta jawo jakarta ta fito da wani abu mai faɗin bakin kofi, sirit, yana walƙiya kamar madubi.

"Ka san wannan?"

"A'a, Hajiya."

"Faifai ne. A Jidda na ga bikin wasu 'yan Kano a cikinsa. Ba ya cin zare, ba ya layi-layi, ba a zaman jiran ya koma baya. Na sayo na'urarsa biyu da talabijin biyu masu cin kowane tsari, ɗaya tawa, ɗaya ta Mariyama. Na riga na aika mata, ta ma ba masu aiki tsohuwar telen. Yanzu wa zai tsaya kallon kaset? Irin wannan za ka riƙa yi mana."

Na ce, "Hajiya, na'urar juya kaset fa na sayo. Saboda ku. Shanuna na sayar."

Ta dube ni da mamaki na gaskiya, ba na wulaƙanci ba, wanda shi ya fi ciwo. Ta ce, "Ikon Allah. Ni na ce ka sayar?"

Ba ta ce ba kuwa. Ba wanda ya taɓa cewa. Mai saye ba ya cewa ka sayar da komai, cewa kawai yake yana son kaza, kai kuma ka san yadda za ka yi. Kafin wata ya zagayo maganar faifai ta gama rumfarta, ta gama Maigatari, ta ƙetara. Matan da ko wutar lantarki babu a garinsu, balle na'urar sa faifai, sai su aiko a tambaya, "Yana yin na faifai?" In na ce kaset ne, sai a ce za a yi shawara. Na tambayi wata, "Baba, in na yi miki faifan a ina za ki kalla?" Ta ce wannan ba ruwana, a dai ce bikin 'yarta a faifai yake. Na kai wa Oga labari, ya sosa ƙeya ya ce abin nan da kwamfuta ake yin sa, kuma shi ko kusa da ita bai taɓa zama ba. Na kai na'urata Kano in mayar, mai shagon ya nuna mini irinta uku a kan kanta, duk waɗanda aka dawo da su.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, gero ya tsiro da kyau. Lokacin huɗa ya zo. Na bi masu shanu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da a da ni suke bi. Kowa ya ce sai ya gama tasa, sannan ta surukinsa, sannan a ga abin da hali ya yi. Ciyawa kuwa ba ta jiran layi. Na ɗauki garmar hannu na shiga gona da kaina, da bayan da talabijin ya riga ya gama da shi. Na yi kusan rabi, ƙasa na da sauran danshi, kuma duk manomi ya san in danshin nan ya wuce sai kallo.

Ina duƙe da hantsi na ji babur ya tsaya a bakin gona. Direban Hajiya Tasalla ne. Ya ce Rabi ta zo haihuwa gida, ta sauka lafiya, an sami namiji. Hajiya ta ce in zo yanzu a tsara aikin suna, ranar suna kuma in taho da kyamara da Asabe, dangin uba za su zo daga ƙetare da yawa.

"Kuma ta ce a faifai. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu, akwai wani a Kano da aka ba ta kwatancensa."

Ban san yadda ake yin faifai ba. Ban san ƙofar da zan buga a Kano ba, ban san kwana nawa zan yi can ba. Na dubi kunyoyin da na tayar, na dubi inda ban kai ba, geron ya yi kore shar ciyawa tana hawan kansa. Na san in na hau babur ɗin nan, wannan rabin ya tafi. In ban hau ba, shago ya tafi, kuma shanun sun tafi a banza.

Na ce, "Ka ce mata za a yi."

Ya ce, "Cewa ta yi in taho da kai."

Na jingina garmar a jikin wata ƙirya, na karkaɗe yashin ƙafata, na hau bayansa. Rabin gonar nan, ko dami ɗaya ban ɗaure a cikinsa ba shekarar.